Gawar Mame Dufiye da Fitilar Motar Boga

Wannan labarin ba ji na yi ba, gani na yi, da idanuna biyu, har da na hagun nan da likita ya ce ya yi ritaya. Shekara arba'in da ɗaya ina faci a Magazin ta Kumasi, babu tayar da ta shigo unguwar makanikai ta fita ba ta gaishe ni ba. In na ce ina wurin, to ina wurin. Wanda ya ce ƙarya nake ya zo gindin mangwaro ya same ni, in sa masa famfo in hura shi sai ya yi ƙara.

Sunansa Kwabena Jamfi, amma ba mai kiransa haka sai takardar haihuwa. Boga muke ce masa, yadda ake ce wa duk wanda ya leƙa Jamus ya dawo. Wata huɗu ya yi a can, amma in yana ba da labari sai ka ɗauka shi ya riƙe wa Jamusawa hannu suka koyi ƙera mota. Sana'arsa sayar da madubin mota, a wata 'yar rumfa da in ya yi atishawa sai kaya sun zubo. Yana da wata doguwar mota mai ƙofa a baya, tsohuwa tukuf, ta girmi hanyar da take bi. A farkon watan da abin nan ya faru ya sa aka rubuta masa INJINIYA da jan fenti a allon ƙarfe, ya tara mu zai ɗaura a goshin motar. Noti ɗaya gare shi, allo kuma huji biyu. Sai ya ɗaga bonet ya kwanto wani daga ciki, yana cewa Jamusawa almubazzarai ne, rabin notin da suke sawa ado ne kawai. Muka tafa masa. Mu me ya dame mu, motarmu ce?

Matarsa Ajuwa kuwa wata takwas ke nan tana gidan uwarta. Ƙanƙara take sayarwa. Firjinta ya fara 'yar ƙara, Injiniya ya ce ta bar masa. Kwana biyu ya yi a kansa. Da aka kunna, firji ya koma tanda, ruwan da ta zuba ya yi zafin haɗa shayi. Sai ta ɗora akwatinta a ka.

Uwar tata, Mame Dufiye, mai busasshen kifi a kasuwar Kejetiya, ita kuwa ba ta ɓata bakinta a kan surukin nata. In ya fara labarin Jamus sai ta zuba masa ido ta shiga ƙiftawa, ƙif-ƙif-ƙif, har sai maganar ta maƙale masa a wuya. Duk kasuwa an san ƙiftawar nan. Ko masu kawo mata kifi daga bakin teku in suka gan ta da kansu suke rage ƙaryar.

To sai Mame Dufiye ta rasu. Aka ajiye ta a ɗakin sanyi sati shida ana taron dangi, ana buga hotuna, ana faɗa a kan zanen atamfar da za a sa. A zama na ƙarshe ƙaninta Wofa Oduro, shugaban dangi, ya ce a yi hayar motar gawa. Ran Juma'a da safe za ta ɗauke ta zuwa ƙauyensu Dumakurom, ta shige gaba da fitila a kunne, sauran motoci su biyo baya.

Boga ya miƙe, ya gyara mayafi a kafaɗa.

"Wofa, haya? Ina raye? Uwar matata ta shiga motar da ta ɗauki gawar kowa da kowa, har da ta ɓarayi? Motata ce za ta kai ta. Fitilar motar nan, Wofa, in na kunna ta da rana tsaka, ranar ce take jin kunya."

Wofa Oduro ya dube shi tun daga takalmi har ƙeya, sannan ya juya wajen Ajuwa.

"Uwarki ce. Me kika ce?"

Ajuwa ta ce, "Ni magana ɗaya ce, Wofa. Maigida Injiniya, in ka kai uwata gida ba ka ba mu kunya ba, ran Litinin ka zo ka ɗauki akwatina in koma ɗakina. In ka ba mu kunya, ka je ka auri firjin."

"An gama," in ji Boga. "Ki fara ninke kaya."

Kuma kada ku ga yana cika baki, mutumin nan yana son matarsa. Wata takwas yana cin garin rogo da ruwan sanyi, ya rame har mayafi yana zame masa.

Ran Litinin da safe, saura kwana huɗu a ɗauki gawa, ya ce zai gwada tafiyar gawa. Ya kunna fitila, ya sa giya ta ɗaya, ya shigo layinmu a hankali, ya karkace kai kamar mai makoki. Layinmu kuwa ramuka ne da 'yar hanya a tsakaninsu. Motar na faɗawa ramin farko, fitilu suka yi ƙif-ƙif-ƙif.

Anti Mansa mai wake da shinkafa, ƙawar marigayiya, ta ɗaga ludayi.

"Boga! Ko binne surukarka ba a yi ba, motarka ta fara kashe wa matan mutane ido?"

Ya tsaya, ya fito, ya zagayo gaba. Fitilu tar, ko motsi babu.

"Idonki ne yake rawa, Anti. Hayaƙin itace ya yi miki yawa."

Ya koma ya ja. Rami na biyu, ƙif-ƙif. Layi ya ɗauki ihu.

Masta Bonsu rewaya, mai gyaran wutar mota, rumfarsa tana kallon tawa. Mutum ne da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ya leƙo yana goge hannu.

"Boga, in fitila tana ƙiftawa a gargada, in an tsaya ta natsu, waya ce ta saki. Kawo in duba maka baƙar wayar nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Kafin Mansa ta zuba mini kwano ɗaya na gama."

"Baƙar waya!" Boga ya yi dariya har da riƙe ciki. "Jama'a kun ji ko? Su nan kowace cuta baƙar waya. Mutum yana feɗe waya da haƙori, yana gwada wuta da harshe, wai shi zai taɓa motar Jamus. Masta, ba raini ba, irinku a Hambog ta Jamus ko tsintsiyar gareji ba a ba su."

"To," in ji Masta Bonsu. Ya koma kan bencinsa. Ni da na san shi shekara talatin, wannan "to" ɗin na gane ba na alheri ba ne.

Boga ya ce ƙwan fitilar ne ya gaji. Ya sayo sababbi ya sa. Da yake rana ce, haske ba ya nunawa yadda yake so, sai ya ɗauko baƙin mayafinsa na makoki ya lulluɓe gaban motar, ya cusa kai ciki ya bar sauran jiki a waje. Ya daɗe a haka. Wani baƙo da ya zo sayen madubi sai da ya gaishe da mazaunansa sau uku kafin mu nuna masa inda kan yake.

Ya fito yana zufa. "Tar! Ku zo ku ga aikin ilimi."

Ai mota a tsaye take. Ya ja ta, rami, ƙif-ƙif-ƙif.

Ran Talata ya ce batir ne, wai ruwan ƙasar nan bai karɓe shi ba. Ya je ya aro na tifa. Batir ya ƙi shiga gurbinsa, sai ya ɗora shi a kujerar gaba ya ɗaura masa bel kamar fasinja, ya zuro wayoyi ta taga. Ramin farko batir ya tuntsure, ruwansa ya zube a kan mayafin makokin da ya ajiye a gefe. Kafin azahar mayafi ya koma rariya.

"Kai, wannan sabon yayi ne?" in ji Anti Mansa. "Daga Jamus?"

"Iska yake shigarwa," in ji Boga. "Ku ba ku san zafi yana kashe mutum a wurin makoki ba?"

Fitila dai ƙif-ƙif.

Ran Laraba ya ce ya gano ta: altaneta ce, abin nan da ke ciyar da batir in inji yana aiki. Ya kwance ta, ya farke ta, ya baje hanjinta a kan buhu, ya zauna yana kallo kamar mai duba. Ni na kawo kujerata kusa, don irin wannan ba kullum ake samu ba. Da la'asar ya harhaɗa ya mayar. Aka bar zobe biyu da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a kan buhu.

Na ce, "Injiniya, ga 'ya'yanta ka manta."

"Ado ne, Baba."

"To a ba ni in yi 'yan kunne," in ji Anti Mansa, ta kwashe.

Ya ja mota, rami, ƙif-ƙif-ƙif. Yanzu har da wani kuka a inji kamar an taka wutsiyar kyanwa. Masta Bonsu yana bencinsa yana ɓare gyaɗa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Ran Alhamis hankalin Boga ya tashi, amma bakinsa bai sani ba. Ya ce fiyus ne matsorata, da sun ji wuta sai su tsinke. Ya cire su ya cusa takardar azurfar kwalin sigari a gurbinsu. Ya bi wayoyin ƙarƙashin sitiyari ya yanka, ya haɗa ja da ja, kore da kore. Da ya ga saura shuɗiya da rawaya ba su da 'yan uwa, sai ya ɗaura musu aure. Wannan karon bai biyo layinmu ba. Ya sulale ta baya ya hau kwalta, ya je har shatale-tale ya dawo. Kwalta sumul, fitila tar.

Ya tsaya a bakin titi ya taho da ƙafa, yana tafe yana buɗa hannu, har gaban rumfar Masta Bonsu.

"Masta mai baƙar waya! Na gama. Motar nan yanzu ba ta da ciwo ko na ƙwayar gero. Ina so ka shaida a gaban jama'a."

"Ka tabbata?"

"Ka shaida kawai."

"Jama'a kun ji," in ji Masta Bonsu. "Injiniya ya ce motarsa ba ta da ciwo. Na shaida."

Ran nan da yamma na bi su Anti Mansa muka wuce Dumakurom da tukwane. Na ce musu ko taya za ta yi faci a hanya, amma gaskiya shinkafar makoki na bi. Abin da ya faru a hanya washegari shi kaɗai ne ban gani da idona ba, Ajuwa ce ta ba ni.

Juma'a da hantsi aka ɗauko Mame Dufiye daga ɗakin sanyi, aka zura akwatin ta ƙofar baya, ya shige daidai kamar an auna. Aka kawo ƙaton hotonta aka ɗaure a gaban motar, fuskar ta cike tsakanin fitilu biyu, allon INJINIYA yana leƙowa ta ƙarƙashin haɓarta. Wofa Oduro ya zauna a gaba, Ajuwa a baya kusa da uwarta. Mota tara suka biyo, da torotoro biyu, bas ɗin hayar nan, na matan kasuwa, da akori-kura ta masu busa da ganga. Masta Bonsu yana can cikin ta ƙarshe, shekara ashirin yana cin kifin Mame, dole ya raka ta.

A kan kwalta abin gwanin sha'awa. Boga ya ɗora gwiwar hannu a taga, mayafi mai huji yana kaɗawa, yana yi wa Wofa bayanin yadda wuta take tafiya a cikin waya. Wofa yana gyangyaɗi.

Sai aka sauka kwalta aka kama jar hanyar ƙauye.

Gargadar farko, fitila ta yi ƙif-ƙif, hon ya amsa, fiit-fiit. Auren shuɗiya da rawaya ya haihu. Boga ya yi maza ya ɗora tafin hannu a tsakiyar sitiyari kamar shi yake dannawa.

Wofa Oduro ya farka. "Wa kake yi wa hon? Gonar koko ce nan."

"Kakanni nake gaisarwa, Wofa. Haka ake yi a Jamus."

"Jamusawa suna da kakanni a Dumakurom?"

Fiit-fiit-fiit.

Wata torotoro ta taho daga gaba maƙare da mutane. Direban ya ga ana ƙifta masa fitila babu ƙaƙƙautawa, ya ɗauka ana gaya masa masu duba lodi suna gaba. Ya taka birki, ya sauke mutum shida da akuya biyu, ya ce su bi ta daji su tare shi bayan gada. Har yau akwai wata tsohuwa a cikinsu da take neman wanda ya ƙifta fitilar nan.

Ajuwa daga baya ta ce, "Maigida Injiniya, lafiya?"

"Lafiya lau. Ki riƙe Mame da kyau."

Mu kuwa muna bakin gari. An kafa rumfuna, an jera kujeru, kowa ya sa ja da baƙi na makoki, mai sanarwa yana gwada lasifika. Sai ga ayari ya ɓullo daga kan tudu. Tudun nan duk zaizayar ruwa ce. Abin da muka gani shi ne fuskar Mame Dufiye tana gangarowa, idanu biyu na wuta a gefe da gefe, ƙif-ƙif-ƙif, ƙif-ƙif-ƙif, tana tafe tana ƙara.

Masu ganga suka tsaya da hannu a sama.

Anti Mansa ta saki ludayi, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Dufiye! Ita ce! Ƙiftawarta ce! Tun ran Litinin take yi masa, ni sakarya na ɗauka mota ce! Dufiye tana da magana!"

Mata suka ɓarke da kuka. Wasu suka yi baya, wasu suka yi gaba, kujeru suka yi ta kansu. Mota ta tsaya a tsakiyar fili, fitilu suka natsu, tar.

Wofa Oduro ya fito. Ya sauke mayafi daga kafaɗa, ya zare takalmi, aka miƙo masa kwalbar barasar da ake zuba wa magabata. Ya tsaya a gaban hoton ya ɗiga a ƙasa.

"Dufiye, 'yar uwata, ga abin sha. Mun kawo ki gida. In akwatin ne bai yi miki ba, faɗa mana."

Tar.

"In atamfar da muka zaɓa ce, ba ni na zaɓa ba, amma faɗa."

Tar.

Ya sake ɗigawa, murya ta yi ƙasa. "In kuwa da hannun wani a tafiyarki, nuna mana shi. Dangi, kowa ya zo ya dafa."

Aka shiga layi. Kowa ya zo ya ɗora 'yan yatsu a bonet a hankali kamar mai taɓa ƙwai, ya wuce yana ajiyar zuciya. Ajuwa ta dafa, tar. Anti Mansa ta dafa, tar. Ni ma na dafa, ko da yake ba dangi ba ne, don kada a ce mai faci ya ɓuya.

Boga yana gefe yana murmushin masu ilimi. Da layi ya zo kansa ya tako da ƙarfi, yana so Ajuwa ta ga ko a jikinsa.

"Jama'a, ku yi haƙuri, wannan duk rashin karatu ne. Mota ƙarfe ce. Ƙarfe ba ya magana." Ya ɗaga hannu ya daki bonet, bam!

Ƙif-ƙif-ƙif. Fiit!

Ya yi tsalle baya. Fitilu suka natsu.

"A'a, ku tsaya, ku tsaya." Ya matso ya danna da hannu biyu wai zai kwantar da ita. Ƙif-ƙif, fiit-fiit. Ya kai wa taya shuri don ta yi shiru. Ƙif-ƙif-ƙif-ƙif, fiiiit! Mame Dufiye ba ta taɓa yin ƙiftawa mai kyan wannan ba ko tana da rai.

"Shi ne!" in ji Anti Mansa. "Ta nuna shi sau uku!"

Nan take kowa ya tuna wani abu. Wata ta ce ai shi ya gyara wa Mame dutsen guga bara, tun daga nan hannunta yake rawa. Wani ya ce ya taɓa kawo mata man zafi wai na Jamus. Majiya ƙarfin ƙauye suka fara naɗe mayafi a ƙugu, wani ya zaro taɓaryar sakwara. Ajuwa ta harɗe hannu a ƙirji tana kallon sama.

"Waya ce!" Boga ya ƙwala ihu. "Wallahi waya ce! Masta! Ina Masta Bonsu? Masta, ɗan uwana, gaya musu!"

Aka buɗa hanya. Masta Bonsu ya fito yana ɓare gyaɗa.

"Ni? Mai gwada wuta da harshe? Ni da ko tsintsiya ba a ba ni a Hambog?"

"Wasa nake, Masta!"

"Jiya a gaban jama'a ka sa na shaida motar nan ba ta da ciwo ko na ƙwayar gero. Injiniyan Jamus ne ya gyara ta, kwana huɗu. Ni wa ne da zan ƙaryata? In mota lafiyarta ƙalau, to Mame ce." Ya jefa gyaɗa a baki. "Allah ya ji ƙanta, mace ce mai gaskiya."

Wofa Oduro ya rufe kwalba.

"Suruki, magana biyu ce. Ko dai ba ka iya gyaran mota ba, ko kai ka kashe 'yar uwata. Zaɓi ɗaya."

Ku yarda ko kada ku yarda, sai da mutumin nan ya tsaya tunani. Ya dubi allon, ya dubi taɓarya, ya sake duban allon.

"Wofa, wanda ya kashe suruka, me ake yi masa?"

"A da ko yanzu?"

"Yanzu."

"Duk ɗaya ne."

Boga ya sunkuyar da kai ya ce wani abu a ciki-ciki.

"Ba mu ji ba," in ji Anti Mansa. "Mai sanarwa, kawo abin maganar nan."

Aka danƙa masa. Lasifikan nan har ƙauye na gaba ake jin sa.

"Ban iya ba," in ji Boga, murya ta karaɗe gari. "Ni ba injiniya ba ne."

"To me ka yi a Jamus?" in ji Wofa.

"Kwano na wanke. Wata uku. Na huɗun ina tsare ina jiran jirgin da zai dawo da ni."

"Firjina fa?" in ji Ajuwa.

"Ni na kashe shi. Amma wallahi firjin kaɗai na kashe!"

Masta Bonsu ya karkaɗe ɓawon gyaɗa ya ɗaga bonet. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki, ya yi fito. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya raba auren shuɗiya da rawaya, hon ya huta. Ya zaro takardun sigari ya sa fiyus daga aljihunsa. Sannan ya dawo gaba ya zura hannu bayan fitila, ya ɗago wata baƙar waya da take reto, bakinta yana ɗan taɓa ƙarfe yana saki.

"Ku matso ku ga Mame Dufiye."

Ya ɗora ta a ƙarfe, fitila tar. Ya ɗaga, ta mutu. Ya ɗora, ya ɗaga, ya ɗora, ya ɗaga, ƙif-ƙif-ƙif. Wata tsohuwa ta yi tsaki, ta ce ita an ɓata mata kuka.

"Nan akwai noti," in ji Masta Bonsu. "Ga gurbinsa, har da sabon sawun sifana. Boga, ina notin?"

Boga ya dubi ƙasa. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni mai taimako, sai na nuna goshin motar da baki.

Masta Bonsu ya tsuguna ƙarƙashin haɓar Mame, ya sa sifana. INJINIYA ya karkace, ya yi lilo a noti ɗaya, ya faɗo a ƙasa, ƙwal. Ya mayar da notin gidansa, ya ɗaure baƙar waya tamau. Ya kira mata huɗu masu jiki daga cikin 'yan kifi, suka hau bonet suna sukuwa. Fitila ko gezau. Duka-duka aikin bai kai a zuba kwano ɗaya na wake da shinkafa ba.

Masu ganga suka ci gaba daga inda suka tsaya. Aka shigar da Mame Dufiye gida, Masta Bonsu ya kashe mota ya jefa makulli a aljihu.

Ajuwa ta sunkuya ta ɗauki allon, ta kaɗe masa ƙasa. Ta zo ta tsaya kusa da mijinta, yana zaune a kan dutse cikin mayafinsa mai huji kamar kazar da aka fige.

"Kunya kam ka ba mu, har da lasifika," in ji ta. "Amma shekara goma sha biyu ina aurenka ban taɓa jin ka ce ban iya ba sai yau. Ta yi maka kyau a baki. Ran Litinin ka zo da wuri, akwatin yana da nauyi."

Mutumin nan har da hawaye. Aka kawo masa ruwa ya sha, aka kawo shinkafa ya ci, ya ƙara. Jini ya dawo masa fuska. Wasu manoman koko suka zagaye shi suna yi masa sannu. Ban gama tauna naman da ke bakina ba na ji murya tana tashi.

"Ai ni tun ran Litinin na san baƙar wayar ce. Kallo ɗaya na yi mata. Bonsu nake so in gwada, in ga ko ya ƙware. A Jamus haka muke gwada ƙananan ma'aikata, sai ka kwance noti ɗaya ka yi shiru..."

Mota tana can a kashe, ba kowa a ciki, hoton Mame yana kallonsa. Sai fitilu suka yi ƙif-ƙif-ƙif.

Boga ya zubar da kwano. Ya bar takalmi ɗaya a nan, ɗaya a bakin rafi, ya keta gonar koko mayafi yana binsa a iska, kaji suna watsewa. Sai a bakin kwalta aka gan shi yana tsayar da torotoro. Litinin ta zo ta wuce, akwatin Ajuwa yana nan inda yake. Allon kuwa yanzu a kansa take fasa ƙanƙara, ta sayi sabon firji, ta kafa doka ko inuwar Boga kada ta gifta ta gabansa.

To, tunda na tsufa, bari in sauke abu ɗaya kafin a tambaye ni a can lahira. Ƙiftawar ƙarshen nan ni na ƙara. Fitila ba ta ƙifta ba, yaya za ta ƙifta makulli yana aljihun Bonsu? Ajuwa ce ya waiwaya ya gani tsaye a bayansa, allo a hannu, tana yi masa ƙif-ƙif-ƙif da idanun uwarta sak. Gudun kuwa, ko taku ɗaya ban ƙara masa ba.